Inda Kwamfuta Take Zuwa Aron Kaya

Jawabin da wani tsohon ɗalibin wannan makaranta, ɗan Kurya Madaro, ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara



Mai girma Shugaban Taro, ranka ya daɗe. Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai, waɗanda ke bakin aiki da waɗanda suka yi ritaya, shugabannin ƙungiya, da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa.

Kafin in ce kome, ina neman afuwa wurin malamaina. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne yaron da ya sha bulala a kan lissafi ya miƙe yau gaban waɗanda suka ba shi ita, wai shi ma zai yi bayani. In na kauce a gyara mini, amma don Allah da baki kawai.

Kamar yadda Sakatare ya sanar, kwamiti yana shawarar tara kuɗi a saya wa makaranta kwamfutoci na hannu, domin tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yanzu akwai ƙannenmu da 'ya'yanmu da ba su taɓa ɗora yatsa a kanta ba sai ranar jarrabawa. An ce in yi magana tun da wannan ita ce sana'ata. Na san wasu suna jiran su ji wace iri za a saya, nawa ne kuɗinta. Zan zo wurin. Amma a ganina abin da ya fi mayar da irin waɗannan kwamfutoci kayan ado a ɗakunan makarantu ba ya cikin ƙarfensu. Yana cikin wani ɗan ƙaramin aiki da na'urar ke yi a ɓoye duk lokacin da aka buɗe manhaja, wanda ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido, watau zuwa aron kaya. A kansa zan tsaya.

Bari in fara da abin da ya same ni. Dukanmu muna tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako, makarantu ma aka rufe su. Ina gida Kurya a lokacin. Wani ƙanena yana da shagon buga takardu, da 'yan kwamfutoci na hannu da yake kunnawa da sola. Da ya ga yaran unguwa suna zaune ba karatu, sai ya yi niyyar ya riƙa koya musu yadda ake amsa tambayoyi a kan kwamfuta. Ya samo wata manhajar gwaji a filashi, wadda wani ya kwafo masa daga tasa na'urar. Ya zuba ta, ya danna, sai ga saƙo ya fito cewa ba za ta iya tashi ba domin ba a ga wani fayil mai suna VCRUNTIME140.dll ba. Da a ce akwai layi, aikin minti biyar ne, domin abin da za a sauko da shi bai kai girman gajeren bidiyon biki ba. To, babu layi, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsa.

Yaron shagon mai wayo ne. Ya bincika ɗaya kwamfutar, ya ga fayil ɗin, ya kwafo shi, ya ajiye a kan fuskar allo inda kowa ke ganinsa. Ya sake dannawa, saƙo bai canja ba. Ya juyo ya ce da ni, "Yaya, wannan na'urar makauniya ce? Ga shi nan a gabanta fa!" Hausawa sun ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Sai dai a nan kazar ta yi abin da aka koya mata ne. An ba ta jerin wuraren da za ta duba, kuma fuskar allo ba ta cikin jerin.

To, mene ne wannan fayil, kuma don me manhajar ba ta zo da abinta ba?

Mu koma ƙauye. A unguwa ba kowane gida ne ke da injin niƙa ba, kuma ba kowace amarya ce ke zuwa da babbar tukunyar biki ba. Akwai kayan da unguwa ta yi tarayya a kansu, wanda bukata ta kama ya aika yaro. Haka manhajojin kwamfuta suke. Kusan kowace manhaja tana bukatar ta rubuta harafi a allo, ta buɗe fayil, ta yi lissafi, ta yi magana da firinta. Maimakon kowace ta ɗauko nata kayan yin waɗannan ayyuka, sai aka tara su cikin fayiloli na musamman, kowa ya riƙa ara. Waɗannan su ne zan kira laburaren tarayya. A Windows sunayensu suna ƙarewa da .dll, a Linux da wayoyin Android suna ɗauke da .so, a kwamfutocin Apple kuma .dylib.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1960 aka gwada ta a Amurka, a wata babbar manhaja mai suna Multics wadda jami'ar MIT da kamfanin General Electric da Bell Labs suka haɗu suka gina. Windows ta zo da irin nata tun fitowarta ta farko a 1985. Kamfanin Sun ya shigar da ita cikin SunOS 4.0 a 1988, kuma salon da Linux ke bi a yau daga wannan zuriya ya fito. Shi Linux ɗin, Linus Torvalds ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma a tsakiyar shekarun 1990 ya koma tsarin fayil da ake kira ELF, kusan lokacin da muke murnar samun Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. A wancan zamani dalilin a fili yake. Waɗanda suka riski ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu sun san megabayit 1.44 kawai yake ɗauka, bai isa hoto ɗaya na wayar yau ba. Wuri ya yi tsada, dole a yi tarayya.

Yanzu wuri ya yi araha, amma akwai wani amfani da ya fi na da. In an gano ɓaraka a cikin laburare, wuri ɗaya za a gyara, duk masu aro su amfana. A watan Afrilu na 2014 an gano wani rami a cikin OpenSSL, laburaren da ke kulle saƙonni tsakanin na'urarka da shafukan intanet irin na banki. Aka sa wa ramin suna Heartbleed. Manhajojin da ke aron laburaren, da aka sauya fayil ɗin aka sake tayar da su, shi ke nan sun warke. Waɗanda kuwa suka haɗiye kwafin laburaren a cikin jikinsu, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai Hausawa sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara. Manhajar da ta dogara da aro, ranar da ba a samo mata ba, ba ta motsi.

Wanda ake aika ya samo kayan shi ne zan kira masinja. Malamai za su tuna masinjan ofishin Firinsifal. In an ce ya nemo malamin da ke kan aiki, ba ya yawo barkatai. Ɗakin malamai zai fara zuwa, in bai gan shi ba ya leƙa azuzuwa, sa'an nan kicin, sa'an nan gidajen malamai. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, Windows ce ko Linux, tana da irin wannan masinja. A jikin kowace manhaja an rubuta sunayen laburaren da take bukata, galibi suna kawai, ba adireshi. Da ka danna, masinja zai karanta sunayen, ya kama hanya. Halayensa biyu nake so a riƙe, domin duk sauran maganata a kansu take. Na ɗaya, ba ya kauce wa jerin wuraren da aka tsara masa, ko da abin yana taku ɗaya daga gefen hanya. Na biyu, da ya ci karo da fayil na farko mai wannan suna, ya ɗauka ya juyo. Ba ya ƙarasawa gaba ya ga ko akwai wanda ya fi shi, kuma ba ya tambayar wa ya ajiye shi a nan.

A Windows, ga yadda zagayen yake ga manhajoji na yau da kullum. Masinja zai fara duba ko an riga an ɗauko wa wannan manhaja laburare mai sunan. Sa'an nan akwai wani gajeren jeri na manyan laburare, irin su kernel32.dll, waɗanda Windows ta san su da kanta, ba a zuwa nemansu ko'ina. In sunan ba ya cikin waɗannan, sai tafiya ta fara. Zangon farko shi ne foldar da ita manhajar take zaune. Daga nan sai babban sito, watau System32. Sai wata tsohuwar folda mai suna System da aka gada daga zamanin bit 16, sai foldar Windows kanta, sai foldar da ake aiki a cikinta a wannan lokaci, daga ƙarshe kuma wuraren da aka lissafa a wani saiti mai suna PATH. In ya kai ƙarshe bai samu ba, sai saƙon nan da ƙanena ya gani.

Da na bayyana wa yaron shagon haka, nan take ya gane. Ya ɗauke fayil ɗin daga fuskar allo ya kai shi cikin foldar manhajar, zangon farko ke nan. Muka danna. Saƙon farko ya tafi, wani sabo ya fito, mai lamba 0xc000007b. Nan ne na yi dariya, domin mun faɗa wani rami da Windows ta daɗe tana jefa mutane a ciki. Manhajar tamu 'yar bit 32 ce, fayil ɗin da yaron ya kwafo kuwa na bit 64 ne. Suna ɗaya, jiki daban. Abin da ke rikita mutane shi ne, a Windows mai bit 64, foldar da ake kira System32 ita ce ke ɗauke da laburaren bit 64, ita kuwa SysWOW64 ita ce ke ɗauke da na bit 32. In ɗalibi ya rubuta haka a jarrabawa, na san malamin da zai ja masa jan biro. Amma haka abin yake, an bar tsohon suna ne don kada tsofaffin manhajoji su ɓata hanya. Muka koma ɗaya na'urar, muka ɗauko na cikin SysWOW64, tare da ɗan'uwansa MSVCP140.dll wanda shi ma aka nema daga baya. Kafin la'asar yara sun zauna suna amsa tambayoyi.

Ina so a lura, abin da muka yi ran nan dabarar dole ce. Hanyar da ta dace ita ce a girka kunshin da Microsoft ke bayarwa kyauta, mai suna Visual C++ Redistributable, wanda zai ajiye waɗannan fayiloli a mazauninsu. Lambar 140 ɗin nan tana nuna zuriyar da ta faro daga 2015. In kuwa kun ga ana neman MSVCR100.dll, to na 2010 ake nufi, kuma sabon ba ya maye gurbin tsohon. Kuma asalin matsalar tun farko ita ce an kwafo foldar manhaja ne maimakon a kawo fayil ɗin girkawa. Wanda ya kwafo folda ya ɗauko amarya ne ya baro kayan ɗakinta.

Yanzu mu leƙa Linux. Wani zai ce ina ruwanmu da shi. Ruwanmu ne, domin ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 kulawar da ta saba, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, ita kuma Windows 11 tana da sharuɗɗan da yawancin tsofaffin na'urori ba su cika ba. Irin kwamfutocin da kuɗinmu zai iya saya, da yawansu a wannan rukuni suke. Saboda haka dole kwamiti ya yi tunanin Linux, ko da a ƙarshe bai zaɓe shi ba.

Masinjan Linux sunansa ld.so, kuma tarbiyyarsa ta sha bamban. Shi ba ya leƙa foldar da manhaja take zaune, ba ya kuma leƙa foldar da kake aiki a ciki, sai in an umurce shi. Wanda ya saba da Windows ya ajiye laburare kusa da manhaja yana jiran ta tashi, zai daɗe yana jira. Abin da yake fara dubawa shi ne ko wanda ya gina manhajar ya rubuta adireshi a jikinta. Akwai kuma wata takarda da mai kwamfuta zai iya damƙa masa, sunanta LD_LIBRARY_PATH, ya ce bi ta nan tukuna. Adireshin jikin manhaja iri biyu ne, tsohon salo mai suna RPATH yana gaban takardar, sabon salo mai suna RUNPATH yana bayanta. In duk waɗannan babu, kuma galibi babu, sai ya buɗe rajista. In rajista ba ta da sunan, sai ya ƙarasa manyan sito biyu, /lib da /usr/lib, ko /lib64 da /usr/lib64 a wasu na'urori masu bit 64.

Rajistar nan ita ce ta fi ba ni sha'awa, kuma ita ta fi kayar da sababbin shiga. Fayil ne mai suna /etc/ld.so.cache, a cikinsa an rubuta sunan kowane laburare da inda yake zaune, don kada masinja ya riƙa buɗe kowace folda kullum. Ba ta rubuta kanta. Akwai akawu mai suna ldconfig, shi ne ke zagaya foldodin da aka lissafa a /etc/ld.so.conf ya sake rubuta ta. Kun tuna sabon ɗalibi da aka yi wa canjin makaranta a tsakiyar zango? Yana zaune a aji, kowa na ganinsa, amma in monita ya kira suna ba za a ji nasa ba, sai ranar da malamin aji ya shigar da shi. Haka mutum zai ajiye sabon laburare a /usr/local/lib, ya ga fayil ɗin da idonsa, na'ura kuwa ta ce babu shi. Kalma ɗaya zai rubuta, ldconfig, da izinin mai gida, magana ta ƙare. Wannan a Debian da Ubuntu ke nan, inda foldar take cikin jeri tun asali. A Fedora sai ka fara shigar da ita da kanka. Na ga ƙwararru sun kwana a kan wannan, ni ma na kwana. Akwai kuma wani umurni mai suna ldd da zai jero maka duk abin da manhaja ke nema da inda aka samo kowanne, wanda ba a samu ba ya nuna maka shi. Sai dai kada a gwada shi a kan manhajar da ba a yarda da asalinta ba.

Linux yana da wata al'ada da na tabbata za ta yi wa 'yan ajinmu daɗi. A zamaninmu in masu suna Sani sun yi yawa a aji, sai a laƙa wa kowa sunan garinsu, wannan na Zurmi, wancan na Shinkafi, ga na Ƙaura. Wasunmu har yau da sunan suke karɓar albashi. Laburaren Linux ma haka, ana laƙa musu lamba a ƙarshen suna, kuma lambar tana canjawa ne in laburaren ya canja har tsofaffin masu aro ba za su iya aiki da shi ba. Alal misali, manhajar da aka gina a kan Ubuntu 20.04 za ta nemi libssl.so.1.1. Ubuntu 22.04, wanda ya fito a watan Afrilu na 2022, libssl.so.3 yake da shi. Sai manhajar ta ƙi tashi. A nan ne shaiɗan ke raya wa mutum ya sake wa sabon suna ya koma na tsohon. Wannan daidai yake da a tura Sanin Zurmi ya zauna jarrabawar Sanin Shinkafi. Zai shiga ɗaki, amma abin da zai biyo baya ba mai daɗi ba ne. Gyaran gaskiya shi ne a nemo fitowar manhajar da aka gina don sabon laburaren, musamman da yake masu OpenSSL sun daina kula da 1.1.1 kyauta tun watan Satumba na 2023.

Waɗanda ba su da kwamfuta kada su ce zancen bai shafe su ba, domin yana cikin aljihunsu. Sau nawa aka tura muku manhaja daga waya zuwa waya, ta ƙi girkuwa, ko ta buɗe ta rufe nan take? Tun watan Agusta na 2021 sababbin manhajojin Play Store a gutsuttsure ake rarraba su. Kowace waya ana ba ta gangar jikin manhajar, da wani yanki dabam mai ɗauke da laburaren da ya dace da irin ƙwaƙwalwarta. In gangar jikin kaɗai aka turo maka, ko aka haɗo da yankin waya mai bit 64 alhali taka mai bit 32 ce, masinjan wayarka zai je ya dawo hannu rabbana.

Ranka ya daɗe, duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan halin masinja na farko ne, watau rashin kauce hanya. Wannan ɓacin rai kawai yake jawowa. Halinsa na biyu shi ne mai haɗari. Tun da fayil na farko mai sunan yake ɗauka, duk wanda ya iya ajiye nasa fayil a zangon da ke gaba, shi za a ɗauko, kuma za a ba shi duk ikon da manhajar take da shi. A da, Windows tana duba foldar da ake aiki a ciki tun kafin System32. Daga Windows XP SP2 na 2004 aka mayar da ita baya. Duk da haka a watan Agusta na 2010 sai da Microsoft ta fitar da gargaɗi, domin an gano manhajoji da yawa da ke neman wani laburare da babu shi a ko'ina, har masinja ya gangaro foldar da takardar da ka buɗe take. Mugu sai ya ajiye takarda mai kyau, ya ajiye gurɓataccen laburare a gefenta. Kai takarda ka buɗe, ba ka san an yi baƙo ba. Har yau kuma, in ka tayar da fayil ɗin girkawa daga foldar Downloads, ita ce zangonsa na farko, duk tarkacen da ke cikinta suna gaban System32.

Saboda wannan ne nake roƙon malamai su hana yara wata ɗabi'a. In saƙo ya fito cewa babu wani .dll, abin da yaro zai yi shi ne ya rubuta sunan a intanet, ya sauko da shi daga shafin farko da ya gani. Bai san wanda ya ajiye shi ba, masinja ma ba zai tambaya ba. Shi kansa Linux da nake yabo, in manhaja mai ikon mai gida ce, kamar passwd da ke canja kalmar sirri, masinja yana watsi da takardar LD_LIBRARY_PATH gaba ɗaya, don kada ɗalibi ya aike shi gidan da ya ga dama.

Kada a ɗauka wasan yara ne. Ƙwayar cutar Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata na'urori a tashar nukiliyar Natanz ta Iran, ɗaya daga cikin dabarunta ita ce ta sauya wa wani laburare na manhajar Siemens suna, ta ajiye nata da ainihin sunan, s7otbxdx.dll. Injiniyoyi suna duba allo suna ganin kome lafiya. A watan Maris na 2024 kuma wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata na'urarsa ta Linux daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a cikin liblzma, wani laburaren matse fayil, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Manhajar da ke tsaron ƙofa ba ita ta nemi wannan laburare kai tsaye ba, wani laburaren da ta ara ne ya aro shi. Allah ya sa an kama abin kafin ya bazu cikin manyan fitowar da jama'a ke amfani da su.

To, ga abin da nake roƙon kwamiti. Ranar da za a karɓi kwamfutocin nan, kada a karɓi ƙarfe kaɗai. A sa cikin yarjejeniya cewa mai sayarwa zai kawo cikakkun fayilolin girka kowace manhaja, waɗanda ba su bukatar intanet, a kan faifai biyu, ɗaya a ɗakin kwamfuta, ɗaya a kulle a ofishin Shugaban Makaranta. In Windows ce, a haɗa da kunshin Visual C++ na bit 32 da na bit 64 duka, tsoho da sabo. In Linux ne, a sani cewa shi ya saba ɗebo laburarensa daga intanet lokacin girka manhaja, don haka a nemi cikakken saiti. Debian suna fitar da irinsa don wuraren da ba layi. Mu da muka ga 2021 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Sa'an nan duk na'urorin su zama babbar manhaja iri ɗaya, fitowa ɗaya. Da na'urorin shagon ƙanena ba iri ɗaya ba ne, da ba mu sami inda za mu ara ba. Ɗalibai kuma a buɗe musu asusu marar ikon mai gida, yadda ba wanda zai iya ajiye kome a System32 ko /usr/lib, ko ya taɓa foldar da manhajoji suke. Wannan ko sisi ba ya ci.

A tambaye ni ra'ayina, Linux zan zaɓa wa tsofaffin na'urori, da sharaɗi ɗaya, a fara tabbatar da cewa manhajar gwajin jarrabawar da za a yi amfani da ita tana tashi a kansa, domin da yawansu don Windows aka gina su. In ba ta tashi, a zauna kan Windows, a nemi na'urorin da za su ɗauki 11 ko da adadin ya ragu. Kuma ko wanne aka zaɓa, a ware wani abu daga cikin kuɗin don horar da malami ɗaya ko biyu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya nan a Ƙauran Namoda tun 1983, tana da sashen kimiyyar kwamfuta, ba sai an je Zariya ko Kano ba. Ni kuma na yi alkawari, makon da kayan suka iso zan zo in zauna da malaman kwana biyu mu girka su tare, in Allah ya kai mu. Sakatare ya rubuta, don kada in ce ban faɗa ba.

Na ga Shugaban Taro yana duban agogo, kuma na ji ƙamshi daga wajen kicin. Mai tambaya ya same ni bayan an ci abinci.